Gwaji ya ce na fi son farar fata, ni kuwa ban yarda ba

Ummu_Sadiq_Hanwa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambayata ga masana halayyar ɗan Adam da ke zauren nan, da ma duk wanda ya taɓa yin gwajin nan da ake kira IAT. Ƙanina da ke karatu a Samaru ne ya turo mini, ya ce wai yana tono son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba. Na zaɓi na launin fata. Ana nuno fuskoki, wasu masu haske wasu masu duhu, haɗe da kalmomi masu kyau da munana, kana dannawa hagu ko dama da sauri. Da na gama sai ya ce wai ina da matsakaicin fifiko ga masu hasken fata. Ni! Duk wanda ya san ni ya san baƙa ce ni wuluk, haka 'ya'yana, kuma na sha yin faɗa da ƙawaye a kan man bilicin. To wacce ce ni a ciki? Abin da na sani a raina nake kuma faɗa da bakina, ko abin da yatsuna suka danna?

DanKongo:
Wa alaikumus salam. Anti ki share kawai. Waya ce za ta san abin da ke zuciyarki? Turawa ne da neman suna.

Dakta_Samaru:
DanKongo, kar mu yi saurin watsi da shi, kar kuma mu ɗauke shi wahayi. Hajiya, bari in fara da abin da gwajin yake aunawa, domin nan ne mutane ke ruɗewa.

Ba ya tambayar ra'ayinki a wannan ɓangaren. Lokaci yake ƙirgawa, a ma'aunin da ya raba daƙiƙa ɗaya gida dubu. A zagaye ɗaya za a haɗa miki fuska mai haske da kalma mai kyau a maɓalli guda, fuska mai duhu da mummunar kalma a ɗayan. Sai a juya haɗin. Idan kin fi sauri a haɗin farko, sai a ce ƙwaƙwalwarki ta fi sabawa da ganin waɗannan biyun tare. Iyakar abin ke nan: bambancin sauri tsakanin zagaye biyu.

Anthony Greenwald na Jami'ar Washington da abokan aikinsa ne suka wallafa shi a 1998. Gwajin farko ma da furanni da ƙwari aka yi, kuma kusan kowa ya fi saurin haɗa fure da abu mai daɗi. Daga nan shi da Mahzarin Banaji da Brian Nosek suka kafa Project Implicit, wanda shafinsa na intanet ke ƙarƙashin Jami'ar Harvard, inda kika yi naki.

Yanzu tambayarki. A 2005 Wilhelm Hofmann da wasu sun tattara bincike masu yawa don su ga yadda sakamakon gwajin yake tafiya da abin da mutum ya faɗa da bakinsa. A ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma alaƙa cikakkiya, sun samu kimanin 0.24. Akwai alaƙa, amma siririya ce. Saboda haka saɓanin da kika gani ba baƙon abu ba ne, shi ne ma aka fi gani.

Ummu_Sadiq_Hanwa:
Na gode Dakta. Amma siririyar alaƙar nan tana nufin ni ce nake yaudarar kaina, ko gwajin ne bai iya awo ba?

Dakta_Samaru:
A kan wannan tambayar taki malaman fannin suka shekara fiye da ashirin suna kai ruwa rana. Ina zuwa, ina da aji yanzu.

Bakano_a_Zazzau:
Ni dai a haɗo mana na Kanawa da Zazzagawa. Na rantse duk zauren nan sai kun faɗi, har da masu cewa mu ɗaya ne.

Gimbiyar_Kwarbai:
Bawanmu, mu ai ba ma ɓoyewa balle a tono. Kai ne dai ka baro Kano ka zo cin arziki ka ƙi komawa.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku bar wasa, maganar yarinyar nan akwai ƙamshin gaskiya a sakamakon. Ummu Sadiq 'yata, kar ki ji haushina. Ina sayar da kayan lefe a kasuwar Sabon Gari tun kafin a haifi wasunku. Uwar ango za ta zo ta ɗaga atamfa ta ce, "Amaryar tamu fara ce sol, wannan za ta karɓe ta," tana faɗa tana murmushi kamar an ba ta kujerar Makka. Wata kuma za ta rage murya ta ce, "Baƙa ce fa, amma tana da hankali." Kin ji "amma" ɗin nan? Tun kina cikin zanin goyo kike jin irinta. Ranar suna ana buɗe jariri a duba kunnensa a ce zai yi duhu ko ba zai yi ba. Samari na cewa fara ko mayya ce a kawo ta. Duk wannan ya shiga kunnenki shekara da shekaru, ta yaya ba zai bar tabo ba? Ba na cewa kin yarda da shi. Ina cewa kin sha shi.

Injiniya_PZ:
Hajiya ta faɗi abin da wasu masu sukar gwajin suka faɗa da dogon Turanci. Tun 2004 Hal Arkes da Philip Tetlock suka yi tambayar: shin gwajin yana auna abin da mutum ya yarda da shi ne, ko abin da ya san al'ummarsa na faɗa? Mutumin da ya kwana yana yaƙi da wariya ya fi kowa sanin munanan maganganun da ake jifan mutanensa da su, don haka suna kusa a ƙwaƙwalwarsa. Wannan bai mai da shi mai wariya ba.

Ni abin da ya fi damuna na injiniya ne. Kalmomin da Turanci suke. Wanda Hausa ce harshensa sai ya ɗan tsaya kafin ya gane wata kalmar, wannan tsayawar kuma tana shiga lissafi. Ga wayoyinmu masu fasasshen gilashi da ba sa jin taɓi sai an danna da ƙarfi. Ga yara suna ja maka riga.

Sadiya_Lissafi:
Yaya Injiniya, gyara kaɗan. Tun 2003 suka sauya yadda ake lissafin makin, ana raba bambancin saurin da yanayin saurin mutumin kansa, don kar mai nawa ya fito kamar mai tsananin wariya. Kuma kalmomin da suka yi maka wuya a zagayen farko su ne dai a na biyu. Ban ce hakan ya share matsalar harshe duka ba, amma ba ta kai yadda ka zana ta ba. Abin da suka amince yana ɗan tasiri shi ne wane haɗi aka fara ba ka, shi ya sa suke jujjuya shi tsakanin masu yi.

Injiniya_PZ:
Na karɓa, ƙanwata. Amma yaran da ke jan riga fa, wane lissafi ne ya cire su?

Malam_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum. Ni ba masanin wannan fanni ba ne, amma ina ganin hankalin baiwar Allah ya tashi a kan abin da addini ya riga ya yi mana sauƙi a kai. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ba ko su furta. To ina ga abin da ko rayawar ba ki ji ba, sai na'ura ce ta ce yatsanki ya yi jinkiri? Ba za a tambaye ki wannan ba.

Sai dai kar mu tsaya nan mu ji daɗi. Abu Zarri, Allah ya ƙara masa yarda, sahabi ne babba, amma da fushi ya kama shi ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya ce masa lallai akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Imaninsa na gaskiya ne, ragowar tarbiyyar da ya taso a ciki ma tana nan, ba ta fito ba sai da rai ya ɓaci. Ke nan mutum na iya ɗauke da abin da ya saɓa wa aƙidarsa. Inda za ki sa ido shi ne lokacin fushi, da lokacin zaɓa wa ɗa mata, da lokacin rabo.

Bawa_Wusasa:
Allah ya gafarta Malam, mu ma a wajenmu akwai makamancin haka. Manzo Bulus a wasiƙarsa ga Romawa, sura 7, ya koka cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Tsohuwar magana ce. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne a ce minti goma a waya za su auna ta.

Dakta_Samaru:
Na dawo. Bawa ya taɓo inda gizo ke saƙa. Duk ma'auni ana fara tambayarsa abu guda: in aka sake auna abu ɗaya, zai ba da amsa ɗaya? A nan gwajin yana da rauni. Idan mutum ya yi yau ya sake bayan wani lokaci, daidaituwar sakamakon biyu tana wajen 0.5 ne. Ga ma'aunin da za a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi, wannan ya yi ƙasa sosai.

Ku ɗauka mai awo ne a kasuwa, ya auna buhun masara da safe ya ce mudu kaza, da yamma ya auna buhun nan dai ya faɗi wani adadi daban. Ba za ki yarda ya yanke miki kuɗin buhunki ba. Amma in aka ba shi buhu dubu daga Giwa da dubu daga Soba, kurakuransa za su cinye juna, ya iya gaya miki na wane gari ya fi cika. Haka gwajin yake: yana da abin faɗa game da taron jama'a, yana da ƙarancin abin faɗa game da Ummu Sadiq ita kaɗai.

Sai tambaya ta biyu: makin yana hasashen abin da mutum zai aikata? Frederick Oswald da abokansa sun tattara binciken da aka yi kan launin fata da ƙabila a 2013, suka samu alaƙar wajen 0.15. Su kansu Greenwald da Banaji da Nosek sun rubuta a 2015 cewa bai dace a yi amfani da gwajin wajen ware mutum a ce wannan zai nuna wariya ba. Amma hujjarsu ta kare gwajin ita ce ƙaramin tasiri in ya taru a kan miliyoyin mutane yana iya zama babba. Wannan hujja ce da ake iya saurara, amma ta yi nisa da abin da jaridu suka yi ta yayatawa da farko.

Aliyu_Gyallesu:
Dakta, to ke nan shirme ne, DanKongo ya yi gaskiya tun farko.

Dakta_Samaru:
A'a. Raunin ma'auni daban, rashin abin da ake aunawa daban. Ga misalin da bai dogara da wannan gwajin ba ko kaɗan. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu ɗaukar ma'aikata a Boston da Chicago, aka wallafa a 2004. Takardun iri ɗaya, sunaye kawai aka sauya. Masu sunan da aka saba ji a wurin fararen fata sun samu kira fiye da masu sunan baƙaƙe da kimanin kashi 50 cikin 100. Wariyar tana nan. Ko masu ɗaukar aikin sun san suna yi ko ba su sani ba, wannan binciken bai raba mana ba.

Dillali_Kwangila:
Ku yi haƙuri in shigo da ƙafar hagu. Duk wannan ɓoyayye da kuke ta nema, ni a sana'ata a fili nake ganinsa. Mai gida zai ba ni makulli ya lissafa mini: kar ka kawo mini ƙabila kaza, kar ka kawo mai addini kaza, ban da bazawara, ban da ɗalibai maza. Ba kunya ba tsoron Allah, wani ma a ƙofar masallaci ko bayan an taso daga coci zai faɗa maka. Kwanaki wata ma'aikaciya ta zo da kuɗin shekara cif a jaka, ta ga ɗaki ciki da falo ta yaba, mai gidan ya fito ya gaisa da ita da fara'a, ya tambayi garinsu. Tana faɗa sai ya ce ai ɗan'uwansa ya riga ya kama ɗakin jiya. Ɗakin nan ya ƙara wata biyu a rufe. Wannan wane gwaji yake buƙata? Amurkawa sun kai inda ake jin kunyar faɗa, shi ya sa suke neman na'ura. Mu tukuna.

Gimbiyar_Kwarbai:
Wallahi Dillali ka gama magana. Je ka neman aure a wasu gidajen ka ga yadda ake tonon asali: kakansa mahauci ne, kakarsa baiwa ce, su wanzamai ne. Da baki ake faɗa a zaure.

Sadiya_Lissafi:
Maganar Dillali ta dace da wani abu da Nosek ya gano. Inda mutane ba sa jin kunyar ra'ayinsu, kamar wace jam'iyya suke so a zaɓen Amurka, gwajin da bakin mutum suna tafiya tare sosai. Inda ake jin nauyin faɗa, kamar launin fata ko tsufa, sai su rabu. Ana iya fassara wannan ta hanya biyu: ko mutane na ɓoyewa, ko kuma abubuwa biyu ne daban tun asali.

Akwai kuma binciken Adam Hahn na 2014 da ya ba ni mamaki. An bayyana wa mutane yadda gwajin yake, aka ce su yi hasashen sakamakonsu kafin su yi, kuma suka canka da kyau. To in mutum zai iya canka, anya "bai san yana da shi ba" gaskiya ce? Wataƙila ya sani, bai dai taɓa zama ya kalle shi ba.

Nas_Rabi:
Wannan na ƙarshen shi na yarda da shi. Ina aiki a wani asibiti, ba zan faɗi suna ba. Mu duka mun yi rantsuwar kula da kowa daidai, kuma in ka tambaye mu za mu ce haka muke yi, da gaske muke. Amma ka tsaya a layin ganin likita da safe. Mai shadda da ƙamshin turare ya miƙo kati, ana ce masa "Sannu Alhaji, me ke damunka?" Tsohuwa ta zo daga ƙauye, katinta a naɗe cikin ledar burodi, ta ƙulle a bakin zani, tana kwancewa a hankali, tun ba ta buɗe baki ba an ce "Iya yi sauri mana." Babu wanda ya zauna ya ƙudurta ƙin talaka. Gajiya ce da sabo. Kuma in aka nuna wa mutum a lokacin, ya san ya yi.

Alhaji_Mai_Ritaya:
'Yata Rabi, Allah ya yi miki albarka. Labarin zuciya a tambayi fuska. A zamaninmu na aikin gwamnati ba mu san wani IAT ba, amma mun san fayil ɗin da ke tafiya da wanda ke kwana a tire.

DanKongo:
To in an gano mutum na da shi sai a yi yaya? Akwai allura ne?

Injiniya_PZ:
An gwada bita. Kamfanin Starbucks ya rufe shagunansa kimanin 8,000 a Amurka na wani yammaci a watan Mayun 2018 don horar da ma'aikata, bayan an kira wa wasu baƙaƙen fata biyu 'yan sanda a shagonsu na Philadelphia. Gwamnatin Birtaniya kuwa a ƙarshen 2020 ta ce za ta daina irin wannan horon ga ma'aikatanta, don ba ta ga shaidar yana sauya hali ba.

Dakta_Samaru:
Haka ne. Calvin Lai da tawagarsa sun gwada dabaru 9 a 2016, duk sun rage makin nan take, amma cikin sa'o'i zuwa kwanaki kaɗan ya koma inda yake. Patrick Forscher da wasu kuma sun duba bincike 492 a 2019, suka ga ko an motsa makin, ba lallai halin mutum ya motsa ba.

Ni abin da nake yi ya fi wannan arha. In zan duba takardun jarrabawa, ina lanƙwasa saman shafin farko don kar in ga ko ta wane ce, in duba tambaya ta ɗaya ta kowa kafin in wuce ta biyu. Ba sai na san abin da ke ɓoye a raina ba, na dai toshe masa hanya.

Aliyu_Gyallesu:
Dakta ai rubutun hannu ma yana tona mutum. Kuma lambar ɗalibi da kun saba kun haddace.

Ummu_Sadiq_Hanwa:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Na sake yi a kwamfutar maigidan bayan yara sun yi barci, wannan karon ya ce ba ni da wani fifiko na a zo a gani. Don haka maganar Dakta ta awo ta fito. Amma Hajiya Mai Atamfa, maganarki ce ta hana ni sakat. Ni da kaina na sha cewa "baƙa ce amma kyakkyawa", ina ganin yabo nake yi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Dukanmu muna faɗa, 'yata.

Bawa_Wusasa:
Ni har yanzu ina nan kan bakana. Sakamako biyu mabambanta daga mutum ɗaya cikin kwana kaɗan, wanne za a rubuta mata? Kuma abin da ta tuno yanzu, hirar nan ce ta tono shi, ba na'urar ba.

Sadiya_Lissafi:
Amma na'urar ce ta jawo hirar, Yaya Bawa. Dakta, ɗalibi zai iya gina irinsa da Hausa a matsayin aikin kammala digiri? A sa sunayen mutanen birni da na Sabon Gari, ko na Musulmi da na Kirista, da kalmomin da muke amfani da su kullum.

Dakta_Samaru:
Zai yiwu, manhajar ba ta da wuya. Wahalar tana wajen zaɓen sunayen, domin sunan da ka saba ji kullum yana iya zuwa maka da sauri ko da ba ka ƙin ɗayan. Sannan sunaye irin su Yakubu, Musa, Maryamu da Ladi, a wane ɓangare za ki sa su a garin nan? Sai kuma izinin kwamitin ɗa'a, don batu ne mai zafi a jihar nan. Ki same ni a ofis mu duba.

Bakano_a_Zazzau:
In za a fara, ni na ba da kaina kyauta. Amma Gimbiya ce za ta fara dannawa, ina tsaye a kanta.